Kukan Motar Maƙwabciya

A unguwarmu ta Hochelaga, gabashin Montreal,
inda ƙanƙara ke binne taya har gindin ƙofa,
Réjeanne ta sayi jar mota, bashin shekara bakwai,
da kuɗin kwana a asibiti tana juya tsofaffi a gado.

Motar nan ta fi mai ita tsoro.
Da ta ɗan gangara, ƙofofi huɗu su ce ƙyas,
su garƙame kansu, ba wanda ya sa su.
Réjeanne ta ce ƙyas ɗin nan ya taɓa fisshe ta:
tana tsaye a danja wani ya cafki mariƙi,
ya ja, ya ƙara ja, ƙofa ta yi masa kunnen ƙashi,
kore ya kama, ta bar shi da hannu a iska.

Amma kukan! Wayyo kukan.
Motar kwasar ƙanƙara ta gifta, kuka.
Kyanwar gidan Thibodeau ta hau neman ɗumi, kuka.
Aradu ta faɗi can ƙetaren kogi, ta amsa mata.
Ni Ghislain, da barcina bai cika cokali ba,
har takarda na taɓa maƙalawa a gilashi:
"Ki ba 'yarki nono ta yi shiru."

Shekara talatin na yi a tashar jirgin ruwa.
Na san kwantena ba ta faɗin abin da ta haɗiye.
Motar da ta shiga cikinta, sai dai a hoto.

Daren Talata, uku ta gota,
Réjeanne na hutu, tana sharar barci,
makullinta a cikin gwangwanin biskit,
wai ƙarfe na toshe masa baki
kada na'urar ɓarayi ta jiyo shi ta bango.
Su biyu suka zo, hula har gira.
Ɗaya ya yi ta shafa iska da akwatinsa a bakin gida,
makulli ya ƙi tanka shi.
Ɗayan ya gaji, ya sa ƙarfe a gilashi.

Nan ta buɗe maƙogwaro,
fitilu na ƙyafta wa dukan layin.
Kowa ya ja bargo, ya ce ta fara.
Ni ma don in zage ta na tashi,
na ɗaga taga, sanyi ya mare ni, na narka ashar,
ashar ɗin ta sauka a kan mutum biyu.
Suka bar safar hannu ɗaya da dogon sawu.

Da hantsi Réjeanne ta ƙwanƙwasa mini,
ga gwangwanin, wannan karon cike da biskit,
takardata a ninke a ƙarƙashi.
Ban ce uffan ba, ita ma haka.

Jiya ma kyanwar ta hau, motar ta yi kuka.
Na tashi, na leƙa,
na daɗe ina kallon titi kafin in rufe taga.