Ƙusa Bakwai

Ni ne Arzika, mai albasa a fadamar Wurno.
Wata biyar ke nan ina ƙirgar ƙarafan taga
a gidan yarin Sakkwato.

Ba don na yi harbi anka riƙe ni ba.
Wannan kowa ya yarda:
dare ne, su uku ne, kowa da adda,
sunka ɓalle ƙyauren ɗakin injin ban-ruwa,
na gaba ya sare ni a kafaɗa.
Na tuɓe riga, alƙali ya ga tabon, ya rubuta.

Abin da na ɗura wa bindigar, nan gizo ke saƙa.

Harbi-ruga ce, gadon baffana,
da takardarta, da hatiminta,
don gadu da birai masu shiga shuka.
Dalma ta ƙare mini tun kaka.
Na je Acida ran kasuwa,
na tarar kuɗinta ya kamo tiya biyu ta gero.
Na shafa aljihu, na komo.
Da hantsi na hau rufin ɗakin Ige,
na zare ƙusa daga gefen da ba ya yoyo,
na datse su ina sauraren rediyo.
Wallahi gadu ke raina.

Ran zama na uku likita ya zo da kwalba.
Ya juye ta a faranti.
Ƙarar nan, ƙarar nan!
Kamar yaro ya zubar da canjin uwarsa.
Guda bakwai, duk da tsatsa.

Lauyan gwamnati ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga ta wajen haske.
Bai yi tsawa ba, da ma ya yi.
Ya ce, “Malam Arzika, nawa ka datse?”
Na ce ban ƙirga ba.
“Tsawon wane lokaci?”
Na ce har azahar.
Ya juya ga alƙali:
“Tsoro nan take yake zuwa, ranka ya daɗe.
Amma wanda ya datse ƙusa da hantsi
ya gama shawara tun kafin dare.”

Na buɗe baki in ce talauci ne,
Barista Luba ta taka mini ƙafa.

Daga baya, a baranda, tana fifita da fayil,
ta ce, “Baba, addarsu tana gefenmu,
tabonka yana gefenmu,
ƙyauren da sunka ɓalle ma namu ne.
Kwalbar nan kaɗai ta ƙi mu.
Da dalma ce, da ina da bakin magana.
Ƙusa kuwa, kowa ya san zafinta,
har alƙali ya taɓa taka ta.”

Sunan yaron Jabbi.
Ban sani ba sai a kotu.
Uwarsa na zama benci na uku, kusa da fanka,
da mayafi ruwan ƙasa.
Ba ta taɓa kallona ba.
Farantin take kallo, leɓenta na motsi.
Ban san ko tasbihi take ba,
ko ita ma ƙirga take yi.

Da dare nakan sake ɗura bindigar a zuci.
In sa dalma: ya faɗi, ya tashi, ya gudu da ɗingishi.
In sa gishiri: ya zage ni har uwa.
In bar ta wayam: a wanke ni da safe.
Kowace hanya na bi, akwai mai kuka,
sai dai a ɗaya ba a tambayar niyyata.

An ɗage zama sai bayan Sallah.

Jiya Ige ta zo da fura da labarin gida.
Albasa ta ruɓe a rumbu, injin yana nan lafiya.
Ta yi shiru, tana murza bakin zane.
Ta ce ruwan farko ya sauka shekaranjiya,
iska ta ɗaga kwanon ɗakinta,
daidai wurin da na zare ƙusar.