Gilashin Nomau

Nomau ya kawo kakinsa a ƴar kwalba,
riƙe da hannu biyu kamar mai miƙa zakka.
Shekara goma sha ɗaya yana babbaka a bayan mahauta,
kawunan shanu, ƙafafun awaki,
tsohuwar taya ce itacensa.

Na shafa a gilashi, na gifta shi kan harshen wuta,
na zuba ja, na wanke, na bi da shuɗi
irin na marinar kakana a Bagalam.
Ƙwayar tarin fuka ba ta sakin ja;
taurin kanta ne ke tona ta.

Na sunkuya kan madubi.
Fili ɗari na zaga
kamar mai neman allura a rairayin Gulbi.
Shuɗi. Shuɗi. Ga baƙin ɗigo,
ga wani, ga wani,
babu mai rai a cikinsu, toka ce.

Jiya na ga jajayen sanduna a kakin wani tela,
har na yi hamdala, Allah ya yafe mini:
wata shida na magani, zai miƙe.

Nomau fa?
Sau biyu na rubuta "babu" a takardarsa.
Ya yi murna, ya yi tari, ya dafa bango,
ya tambaye ni ko akwai kinin hayaƙi.

Da la'asar na hau kabu-kabu,
muka maƙale bayan tirela mai aman baƙi.
Na ja mayafi na toshe hanci.
Can wajen mahauta hayaƙi ya tashi tsaye.
Ya koma aiki ke nan.