San da San

Bayan isha'i, in lantarki bai gudu ba,
Barira 'yar maƙwabta kan shigo da kayenta,
ta ture guntayen fata daga kan tabarma,
ta ce, "Baba Gambo, buɗe kunne."
Ni da na shekara arba'in ina ɗinka alabe a Birni,
yau 'yar kolej ce mushena.

Laifin Laminu ne.
Ya tafi Kumasi neman na tuwo, ya yi zamansa,
ya haifi 'ya wadda Hausarta ba ta wuce "sannu" ba.
Muryarta kan zo mini ta salula
kamar tsuntsu a cikin tulu:
ina jin daɗin kukan, ban san me yake nema ba.

Daren farko Barira ta rubuta son,
ta ja layi, ta rubuta sun.
Na karanta da bakin uwata:
na farko son zuciya, na biyu sun tafi.
Ta yi dariya har bironta ya faɗi.
"Duka biyun san ake cewa, Baba.
Ɗaya ɗa ne, ɗaya rana."
Na ce, "Na san."
Ban sani ba.

Sai meat da meet, nama da gamuwa.
Wannan bai wahalshe ni ba,
a tukubar Kasuwar Dole tare suke zama:
inda tsire ke ƙamshi, nan abokai ke haɗuwa.
Amma sea da see, teku da gani,
nan na ajiye basilla.
Ni da nake tashi tun assalatu
in bi layin famfo da jarka biyu
a garin da duwatsu suka fi rijiyoyi yawa,
a ce mini gani da teku bakinsu ɗaya?
Wa ya gani?

Na ce, "Mutanen nan marowata ne.
Murya ɗaya suke raba wa kalma biyu,
kamar 'yan'uwa masu riga guda,
in wannan ya fita wancan ya kwanta."

Barira ta gyara ɗankwali.
"To kuka da kuka fa?
Wanda ke ido da wadda ke miya?
Gari da gari? Wuya da wuya?
Ni ɗin nan da kake ce wa mushe,
angulu zai sauko kaina?"
Na ce, "Mu muna ɗaga murya, muna kwantar da ita."
Ta ce, "Su kuma harafi suke sauyawa.
In babu takarda, dubi maƙwabta.
Kalma da waɗanda ke zaune kusa da ita ake gane ta."

Na yi shiru, na shafa fatu biyu da ke gefena,
jajaye duka, rini guda,
ɗaya ta akuya, ɗaya ta tunkiya.
Mai saye ba ya rabewa.
Yatsana ne ya sani, shi ma sai da ya sha yanka.

Wata uku muna haka.
Week da weak har yau suna kayar da ni,
ko da yake a ƙarshen sati, gwiwata kan ce ma'anarsu ɗaya.

Jiya hoto ya shigo.
Takarda ce, rubutun fensir mai tangaɗi,
Falmata ta rubuta wa kakanta:
babana naka ne, in ji ta,
sai dai inda za ta sa son ta sa sun.
Barira ta ɗaga biro. "Kuskure.
Ta ce babanta ranarka ne."

Na kalli ƙofar ɗakin Laminu,
shekara tara ke nan a kulle,
gizo-gizo ya yi mata labule.

Na ce, "Mushe, mayar da bironki.
Wannan kam na san shi."