Littafin Mai Sikeli

Aikina bai taka kara ya karya ba.
Ina zaune gindin sikeli a gangaren dutsen Ijen,
in rubuta suna, in rubuta kilo.

Tun zakara bai motsa ba suke gangarawa ramin,
inda ƙasa ke huci kamar tukunyar da aka manta a murhu.
Su fasa farar wuta da tsinin ƙarfe,
ga ta rawaya jawur kamar gwaiduwa,
su cika kwando biyu, su rataya a sandan gora,
su hauro da ita a wuya.

Misnadi, shekarar da na kama aiki: tamanin da biyu.
Sai da na sake duba allurar.
Kafaɗarsa ta yi kanta har ta tashi kamar tozo.
Abin da ke tsakaninsa da hayaƙin ramin
tsumma ne jiƙaƙƙe da yake cizawa,
kuma haƙoran da ke cizon
sun soma narkewa kamar sabulun da ya kwana a ruwa.

Da ya sauke kaya, kafin ya tambayi ruwan sha,
sai ya miƙo yatsu biyu.
Taba mai kanumfari, wadda ke ƙara in ta kama.
Ya ce hayaƙi ke wanke hayaƙi.
Ba zan ɓoye ba, ni ke sayar masa.
Bashin yana shafin ƙarshe na wannan littafin.

Saba'in da biyar.
Saba'in.
Damina uku a kan sittin da takwas.

Baƙi kan zo da tsakar dare kallon shuɗiyar wuta,
hancinsu cikin takunkumin roba da suka yi haya.
Sukan roƙe shi ya tsaya da kayan a wuya,
ya ɗan juyo, ya yi murmushi.
Yakan yi, baki rufe.
Ya sayar musu da ɗan kunkurun da ya zuba da farar wuta.

Sittin.
A nan tarin ya fara riga shi isowa.
Ina jin sa tun daga kwanar itacen da ya ƙone,
in buɗe shafinsa in jira.

Likita a Banyuwangi ya ɗaga hoton ƙirjinsa ga fitila,
ya ce ya bar ramin, ya bar tabar.
Misnadi ya ba ni labarin yana dariya, dariyar ta sarƙe shi:
"Ɗaya ke ciyar da ni, ɗaya ke lallashina.
Wa zan fara yi wa butulci?"

Arba'in da uku, ranar Laraba.
Na rubuta arba'in da biyar.
Iyakar alherin da na taɓa yi masa ke nan,
kilo biyu,
bayan shekara goma sha tara ina kunna masa ashana.

Daga nan shafin fari ne.

Yau da hantsi wani yaro ya ajiye kwanduna gabana.
Kafin in ga fuskarsa na gane sandan,
tsakiyarsa ta yi baƙi, ta yi santsi da gumin wani.
Wagito, ɗansa na biyu. Haƙora reras kamar ƙwayar masara.
Hamsin da ɗaya, yana haki yana jin daɗi.

Sai ya miƙo yatsu biyu.

Na ce ta ƙare.
Kwalin yana ƙarƙashin cinyata, na danne shi.
Ya ɗaga kafaɗa, ya juya wajen Sarkowi,
Sarkowi ya zaro ɗaya daga bayan kunne.

Iska ta juyo da warin ramin.
Na lashi bakin fensir,
na rubuta sunan yaron a ƙasan na ubansa,
inda sauran layuka suke da yawa.