Wacce Zan Karanta wa Yara?

Shugaban makaranta ya ce in zaɓi waƙa ɗaya,
gobe biyu ga Afrilu, ranar tuna yaƙin tsibirai.
Ina zaune a Goya, bakin kogin Parana,
zafi ya hana barci, fanka na juyi a banza,
takardu biyu a gabana.

Ta farko na kwafo ta daga allon tagulla na dandalin gari.
Wani lauya ya tsara ta, mai zaƙin alƙalami.
A cikinta samarinmu zakuna ne,
iska na sara musu, tuta na lulluɓe su,
wanda ya faɗi, faɗuwar tauraro ya yi.
Baitocinta a jere kamar haƙoran mataji,
amsa-amonta bai taɓa tuntuɓe ba.
Na duba ta sama da ƙasa ina neman ƙafa.
Sojojinta ba su da ƙafafu, ba su da hanji,
ba wanda ya saki fitsari a wando don ya ji ɗumi.

Ta biyu kawuna Eusebio ya bar ta
a bayan littafin bashi na shagonsa,
tsakanin kuɗin sukari da na kananzir.
Ba ta ma san ita waƙa ba ce.
Ya rubuta:
"Kwana sha tara ban cire takalmi ba.
Ina tsoron abin da zai biyo shi."
Ya rubuta:
"Mun saci tunkiya, ni da Cirilo.
Kofur ya ɗaure shi a turaku huɗu, rigingine,
ƙanƙara na zuba a idonsa har asuba.
Ni na ci naman."
Sai layi uku da ya soke da biro
har takardar ta huje.

Yana da sha takwas aka ɗauke shi,
yaron da iyakar saninsa da sanyi
shi ne ruwan tulu.

Ta tagulla ta yarda an sha wuya,
sai ta ce amma,
ta ja amma ɗin ta rufe gawa da shi.
Ta ƙare ranar da aka ajiye bindiga.
Ta kawu kuwa ta biyo shi gida,
ta zauna a shago, ta tsufa tare da shi.
Bayan shekara sha ɗaya ga ta nan tana magana:
"Yara sun kunna wasan wuta na Kirsimeti.
Na farka a ƙarƙashin kanta, rungume da buhun gari."
Can gaba kuma:
"Na yi wa Ramona tsawa kan ɓawon burodi.
Ta yi kuka. Na tsince shi daga shara na ci."

Da a ce nan zancen ya tsaya, da na zaɓa tuni.
Sai dai Cirilo bai dawo ba,
kuma uwarsa, tsohuwa Petrona, duk Lahadi
tana dogara sanda zuwa dandali,
ta goge allon nan da gefen mayafinta.
Ba ta iya karatu ba. An nuna mata inda aka sa tauraro,
nan yatsanta ke tsayawa,
har wurin ya fi ko'ina ƙyalli.
Wa zai je ya ce mata turaku huɗu?
Ni?

Gobe za a ajiye mata kujera a sahun gaba.
Bayanta yara talatin, 'yan shekara goma,
wasunsu sojojin wata rana.

Ruwan shayina ya huce a ƙwarya.
Kwaɗi sun yi shiru, zakaran maƙwabta ya soma.
Na ɗaga takardar kawu saitin fitila
ko zan gane layi ukun da ya soke.
Ba harafi ko ɗaya.
Haske ne kawai ke ratsowa ta hujin,
ya sauka a kan ɗayar takardar.