Abin da Hayaƙi Ya Rufe

Yaya Tumba, yau na tsallaka Yawuri.
Kwalekwalen farko na shiga, gari bai gama wayewa ba,
na bar tarwaɗa cikin kwando suna jiran wuta.

Kin tuna inda kike zama wajen banda,
daidai inda iska ke tura hayaƙi?
Mu ce, Tumba ba ta jin yaji a ido.
Ashe ɓuya kike yi.
Ƙarnin kifi da hayaƙin ƙirya
sun rufa miki asiri damina biyu,
ba wadda ta ji abin da ke tashi daga zanenki.
Ni na tsinci tsummokaran bayan an kai ki.
Sha tara, na ƙirga,
cikin tukunyar da kike cewa ta daddawa ce.

Kin ce basir ne, kin sha saƙe-saƙi.
Kin ce sanyi ne, kin zauna a ruwan bagaruwa.
Kin ce al'ada ce ta yi mantuwa ta dawo
bayan shekara shida da yin sallama,
har muka yi dariya.
Ranar da aka kwantar da ke a Birnin Kebbi
likita ya ce, sankarar bakin mahaifa,
ina kuke tuntuni?
Muna nan, likita. Muna juya kifi.

Yau bencin asibiti ya cika.
Wata ta zo allurar tazara, goyonta yana tsotsar gefen mayafi.
Wata tsohuwa tana dafe da ƙirji,
wai ƙwannafi ya hana ta tuwon dare.
Suka ce, ke me ke damunki?
Na ce babu.
Suka dube ni kamar wadda ta zo kasuwa ba kwando.

Ma'aikaciyar 'yar Zuru ce, Rifkatu,
ba ta kai autarki ba.
Na riƙe bakin zane da hannu biyu.
Ta ja labule, ta wanke hannu, ba ta gaggauta ni ba.
Ta ce, Inna, ni ma an duba ni a gadon nan.
Sai na saki.

Ƙarfen kamar bakin agwagwa, da sanyi.
Auduga, da wani ruwa mai ƙamshin tsami.
Ta ce mu jira minti ɗaya.
Na kafa ido a rufi, inda ruwa ya taɓa zuba ya bar zane,
na yi Ƙulhuwallahu ƙafa uku,
ta huɗu ta kakare.

Akwai ɗan fari, in ji ta,
bai kai ɓawon kifi ba.
Ba ita ba ce, sawunta ne,
tana nesa tukuna.
Yau za mu goge sawun.

Yaya, ɗan ɗumi ne kawai da murɗar mara.
Tuyar ƙuli ta fi shi daɗewa.
Abin da ya cinye ki, ya cinye raga biyu da saniyar gado,
nawa an tare shi kafin azahar.

Ta ba ni kati, in dawo baɗi.
Ta ce maigida ya yi haƙuri wata guda.
Na ce, wannan ki rubuta masa da hannunki,
muka yi dariya har ta dafa bango.

Ban yi kuka ba sai a tsakiyar ruwa.
Mai tuƙi ya ɗauka rana ce.

Hajo ɗiyarki ta tarye ni a bakin gaɓa,
'ya'yanta huɗu yanzu, kunyarta irin taki.
Na ce, Talata ki nemi mai tsare miki wuta.
Ta ce, lafiyata lau, Inna.
Na ce, to, shi ya sa.

Na hura banda da la'asar.
Na zauna ta inda iska ke fitowa,
hayaƙin ya bi ta kan kujerarki,
ya wuce.