Tsakanin Gurbi Biyu

Da asuba muka bar Dadin Kowa,
ni da Bappa Gidado,
takardunmu cikin ledar burodi, don hadari ya haɗo.

Mu goma sha bakwai ne, masu busar da tumatir.
Ranar da kwando ya faɗi warwas a kasuwa
mu saya, mu yanka, mu shanya,
mu jira damina ta ɗaga masa daraja.
Ƙa'idarmu guda ce:
cikin kowace naira goma ta riba
uku na rijiyar burtsatse ne da maganin masu naƙuda.
Ba mu rubuta ba.
Mun shafa fatiha, Laraba ta ce amin irin nata.

A Jekadafari, ofishin Barista Sa'adatu,
fanka na juyi, iska ba ta sauko ba.
Ta ce, "Kamfani kuke so, ko ƙungiyar agaji?"
Na ce, "Duka."
Ta turo min fom da bakin biro:
"Nan gurbin masu riba, nan na masu lada.
Ku shiga na lada, ba mai raba ko kwabo.
Ku shiga na riba, in ba ku ɗaure ba,
rijiya ta zama ganin dama."

Na dubi farin da ke tsakanin gurbin biyu.
Bai kai faɗin farce ba.
Ashe a nan muka yi shekara huɗu,
mu sha bakwai, da tabarminmu.

"Injin busarwa fa, na waye?"
"Namu."
"Sunan wa ke kan rasit?"
"Manga. Shi ya je Kano ya sayo."
"Yana ina?"
Bappa ya cire hula, ya leƙa cikinta.
Manga ya cika bara, ana gobe Sallah.
'Ya'yansa shida, babban bai taɓa riƙe wuƙar yanka ba.

Ta ce, "Fatiha ta isa inda aka aike ta, Inna,
amma alƙali takarda yake karantawa."

Ban ji daɗin maganar ba.
Na haɗiye ta kamar maɗaci.

Har la'asar tana rubutu, tana tambaya.
Gama-kai, in ji ta, ita ce rigar da ta fi kusa da jikinmu:
mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya,
mai buhu ɗari da mai buhu biyu.
Ukun nan ta kafa su a sashe na tara,
ta zagaye su da sharaɗi kamar shingen ƙaya.

Batun inji kuwa, ta ce sai mun je gaban magada
da goro, da shaidu, da haƙuri.

A motar komawa na riƙa duban babban yatsana.
Tawada shuɗiya ta hau kan jan tumatir
da ya daɗe da shiga tsagar fata.
Bappa ya ce sabulu zai fitar.
Na ce ya bari tukuna,
sai sauran sha biyar sun gani.